Yadda Na-Gano Ya Ceci Surukinsa Daga Littafi

A jerin shagunan da ke bakin babban titi, tsakanin shagon aski da na tela, akwai wani mai sayar da tabarau da kowa yake kira Na-Gano. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, don ba ya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Kana cewa, "Jiya da na je asibiti," zai ɗaga hannu ya ce, "Na gano," ya ƙarasa maka labarin da kansa har da maganin da likita ya rubuta maka, alhali kai dubiya ka je.

Babban abin taƙamarsa shi ne allon gwajin ido da ke rataye a bangon shagon, mai manyan haruffa a sama da ƙanana a ƙasa. Yakan ce, "Mutum ya karanta mini layi uku na sama, na san ciwon idonsa, na san halinsa. Haka jarida, haka littafi. Masu bin abu har ƙarshe, ƙwaƙwalwarsu ce ba ta da gudu."

Wata ranar Litinin ƙanwar matarsa, autar gidansu, wadda take koyarwa a makarantar sakandare, ta iso shagon da motar kaya cike da kwalaye. Littafinta ne na farko, an gama buga shi.

Ta ce, "Yaya, ka ajiye mini su a ɗakin bayan shago zuwa Asabar, rufin gidanmu yana yoyo. Ga naka kwafin. Kai nake so ka yi jawabi ranar ƙaddamarwa a zauren ɗakin karatu. Amma don Allah ka karanta shi duka."

"Auta ke nan. Ni za ki koya wa karatu?"

"Duka na ce, Yaya."

"Na gano."

Tana tafiya ya leƙa ya kira mai aski, don ba ya jin daɗin nuna basira ba tare da mai kallo ba. Ya gyara zama, ya buɗe shafin farko, ya karanta da ƙarfi:

"Tun ranar da aka binne matarsa, tsohon bai ƙara amsa gaisuwar kowa da baki ba, sai da hanci. Ya kori mai wanki, ya kori kyanwa, ya cire ƙararrawar ƙofa ya jefa a kwata. Maƙwabta suna cewa a ɓoye, da mutuwa tana neman shawara, da ba matar za ta ɗauka ba."

Ya rufe littafin a hankali, ya dafe ƙirji.

"Mai aski, ka ji abin da na ji? Baba ne. Surukina ne sak. Ƙararrawar nan ma ni na saya masa."

Gaskiya ne, surukin nasa, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya, haka ya koma tun rasuwar matarsa. Mai aski ya ce, "To juya shafi mana mu ga inda aka dosa."

"Me zan gani? Shafi na gaba zai kori jikokinsa. A tsakiya ciwo ya kama shi. A ƙarshe ya mutu shi kaɗai babu mai ba shi ruwa. Yarinyar nan ta tona wa ubanta asiri a bainar jama'a. Ga shi da hawan jini. Ya karanta layin nan na uku, sai dai a kira mu mu ɗauka." Ya miƙe ya fara kai da kawo. "Baba ba zai karanta littafin nan ba, mutanen gari ma ba za su karanta ba. Ni zan tsaya wa gidan nan. Amma maganar nan daga ni sai kai."

Mai aski ya ɗora hannu a ƙirji ya yi alkawari. Kafin azahar duk wanda ya zauna a kujerarsa ya tashi da aski da labari.

Na-Gano ya fara da abin da ya fi ƙwarewa a kai. Ya tafi gidan surukinsa, ya tarar da shi a ƙofar gida a kan kujerar katako, ya rusuna ya gaishe shi. Baba ya amsa da hanci.

"Baba, tabarau ɗinka na zo dubawa."

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ai tun daga kwana na hango ƙusar hannunsa ta saki. Yanzu zan dawo da shi."

Kafin tsohon ya ja numfashin yin faɗa, ya zare tabarau ɗin daga fuskarsa ya yi gaba. A shago ya ɓalle gilasan karatu, ya maye gurbinsu da na hangen nesa masu ƙarfi, yadda duk rubutun da aka kawo gaban Baba zai zama hayaƙi. Ya mayar masa, ya dawo yana fito.

Rubutu kam ya zama hayaƙi. Abin da Na-Gano bai lissafa ba shi ne, shekaru ke nan rabon Baba da ganin tsallaken titi. Yana saka tabarau ɗin, duniya ta buɗe masa. Ya hango bakaniken layin yana zubar da baƙin mai a gindin bishiyarsa. Ya hango matar mai kanti ta mayar da katangarsa igiyar shanya. Ya hango kyanwar da ya kora ta yi ƙiba a tagar wata ma'aikaciyar asibiti, tana kallonsa ba kunya. Ya ɗauki sandarsa ya bi su gida-gida.

Washegari bakaniken da mai kanti suka zo shagon tabarau, ransu a ɓace.

Bakaniken ya ce, "Me ka saka wa tsohon nan a ido? Da ba ya ganinmu, muna zaune lafiya."

Mai kanti ya ce, "Daga kujerarsa ya hango sikelina, wai yana da nauyi a gefe ɗaya."

"Yana da shi?"

"Ba wannan ne ya kawo mu ba."

Da yamma matar Na-Gano ta tare shi a ƙofar ɗaki, hannu a ƙugu. "Baban yara, me ka yi wa tabarau ɗin Baba? Na je gaishe shi, tun daga bakin layi ya hango takalmina ya tsinke yana ta faɗa, da na zo gabansa na durƙusa sai ya ce wace ce."

"Aikin ceto nake yi. Ba za ki gane ba."

"Ceton wa?"

"Ubanki, daga littafin ƙanwarki."

Ita kuwa ta karanta littafin tun yana rubutun hannu. Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ka karanta shi?"

"Na fi ki sanin abin da ke ciki."

"To ai in ka shiga ciki akwai wani..."

"Na gano. Kar ki ƙarasa, zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Ta buɗe baki, ta rufe, ta ciji leɓe. "To shi ke nan. Allah ya ba da sa'a." Ta shige kicin, ya jiyo ta tana wani irin tari a can.

A halin nan labarin mai aski ya zaga unguwa. Mutanen da ba su taɓa buɗe littafi ba tun da suka bar makaranta suka riƙa zuwa shagon tabarau, wai a gwada musu ido, suna karanta allon suna leƙen ɗakin baya. Wata tsohuwa ma ba ta ɓata lokaci ba, ta ce a ba ta littafin da aka zagi mai gidan waya. Na-Gano ya ga kwalayen ba za su kwana lafiya a nan ba, sai ya yanke shawarar kai su gida ya tura ƙarƙashin gado.

Bai kira ɗan dako ba, don sirri ne. Ya ari baro wurin magini, ya jibga kwalayen har suka fi shi tsawo, sannan ya zaɓi baƙin tabarau mafi duhu a shagon ya saka don kada a gane shi. Yana fitowa tela ya ce, "Na-Gano, ina zuwa da kaya haka?"

Bai amsa ba, tunda a ganinsa ba a gane shi ba.

Titin yana da gangara. Da farko shi yake tura baro, can sai baro ya fara jan sa. Kwalaye sun tare masa gaba, baƙin tabarau ya tare masa sauran. Ya riƙa gudu a baya yana cewa a kauce, har tayar ta faɗa wani rami daidai wurin jiran mota. Baro ya tsaya cak. Kwalin sama bai tsaya ba. Ya tashi, ya fashe a tsakiyar masu jira, littattafai suka watsu kamar an tarwatsa tattabaru.

Jama'a suka taimaka da tsincewa. Wasu suka taimaka har gidajensu. Tayar baro ta lanƙwashe, dole ya kinkimi sauran kwalayen ɗaya-ɗaya a ka ya mayar shago, kowa yana yi masa sannu da sunansa.

Daga ranar layin ya canza. Tela yana taka keke, littafi a buɗe a cinyarsa, yana dariya har ɗinki ya karkace. Mai kanti yana karanta wa bakanike, bakanike yana dukan bayan mota. Da zarar Na-Gano ya gifta sai kowa ya yi tsit, kafaɗu kawai ke rawa.

Tela ya kira shi. "Maƙwabci, ka kai babi na uku?"

"Na wuce shi tuni."

"Me ka gani game da mutumin nan da ya shigo a wurin?"

Na-Gano bai san da wani mutum ba, amma bai taɓa rasa amsa ba a rayuwarsa. Ya taɓe baki. "Wannan? Irinsa ba a littafi ake sa shi ba, ɗaure shi ake yi."

"Ashe ka san shi."

"Tun yana yaro. Ba ya jin magana. Iyalinsa nake tausaya wa."

Tela ya soki yatsarsa da allura, bai ma ji zafi ba. Ya kifa kai a kan keke yana neman numfashi. Na-Gano ya koma shago zuciyarsa ta yi nauyi. Ga shi nan, gari yana yi wa Baba dariya, yadda ya faɗa tun farko. Waɗanda suka ɓace sun ɓace, amma sauran da za a raba ranar Asabar dole a yi musu magani.

Ranar Juma'a bayan cin abincin rana ya kulle shago daga ciki, ya ɗauko babbar kwalbar gam da yake liƙa karyayyun tabarau da shi. Dabarar mai sauƙi ce: zai manne shafin farko da bangon littafin. In ba a ga layi ukun nan ba, ai ba a ga komai ba. Ya bi littattafan ɗaya bayan ɗaya yana tsiyayawa, bai yi rowa ba. Ya jera su tsibi-tsibi don su danne juna, ya zauna a kan tsibi mafi tsawo don ƙara nauyi. Ga ƙoshi, ga gajiya, sai gyangyaɗi ya ɗauke shi.

Da ya farka ya yunƙura zai tashi, littattafai suka tashi tare da shi. Ya koma ya zauna. Ya sake gwadawa, wando ya yi wata ƙara mai ban tsoro. Ba shiri ya fara dukan bango yana kiran tela.

Tela da mai aski suka shigo ta taga. Suka zagaya shi suna nazari.

Mai aski ya ce, "Ko dai mu ɗauke shi haka mu kai gobe? Ga mai jawabi, ga littattafai, tafiya ɗaya."

"Ku daina surutu ku cire ni."

Tela ya sa almakashi ya yanke mazaunin wandon kewaye, ya bar wa littafin sama rabonsa, ya ara masa wandon wani mai ɗinki da ba a gama ba, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na-Gano ya mayar da tsibin cikin kwalaye, ya ɗaure, ya ce da su aiki ya yi kyau.

Ranar Asabar zauren ɗakin karatu ya cika har ana tsayuwa a taga. Auta sai murmushi take yi, ba ta taɓa zaton littafinta zai tara mutane haka ba. An tanadar wa Baba kujera a sahun gaba, ya ƙi, ya koma can ƙarshen zaure ya jingina da bango, ya ce daga nan ne yake ganin kowa.

Shugabar ɗakin karatu ta yi maraba da baƙi, ta ce za ta buɗe littafin a gaban jama'a. Ta kwance kwali ta kama na sama za ta ɗaga. Duk tsibin ya biyo ta kamar bulo, da guntun yadin wando manne a bango, har da maɓallin aljihu. Ta girgiza, ba abin da ya motsa. Ta sa farce ta ja, bangon ya yage a hannunta. Aka buɗe kwali na biyu, haka. Na uku, haka.

Murmushin Auta ya ɗauke. Ta ɗauki bulo ɗaya ta rungume. "Yaya, me ya samu littattafaina?"

Na-Gano ya hau dandamali, ya karɓi lasifika, ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, ni na yi, kuma ba na nadama. Auta yarinya ce, ba ta san nauyin alƙalami ba. Ta ɗauki dattijo mai mutunci, wanda ya yi wa ƙasa aiki, ta mayar da shi abin dariya. Ta ce ya kori kyanwa. To ya kore ta, sai me? Kyanwarsa ce. Ta ce gara da shi mutuwa ta ɗauka. Ina raye ba za a karanta wannan a gaban surukina ba."

Matarsa ta rufe fuska da mayafi. Daga ƙarshen zaure sanda ta bugi ƙasa.

"Kai, mai tabarau."

"Na'am, Baba."

"Layukan nan da kake magana, ni na faɗa mata ta rubuta."

Kowa ya juya ya dubi ƙarshen zaure.

Baba ya ci gaba. "Da farko ta rubuta wai wani dattijo mai haƙuri da kirki. Na ce ta goge, ba a fara littafi da ƙarya. Maganar mutuwa kuwa matar mai kanti ce ta faɗa a bayan katangata, ta zaci ba na ji. Ta yi mini daɗi, na ce a saka."

Matar mai kanti ta sunkuya tana neman wani abu a jakarta.

Na-Gano ya ce, "Amma Baba, gari yana ta dariya."

"Tela, kana da wanda ka sata a titi?"

"Tsinta na yi, Baba."

"Tashi ka karanta masa babi na uku."

Tela ya miƙe, ya share murya, ya fara:

"Mako guda bayan rasuwar, mijin babbar 'yarsa, wani mai sayar da tabarau, ya zo gaisuwa, sai ya ji famfon banɗaki yana ɗiga. Aka fara gaya masa an riga an kira mai gyara, ya ɗaga hannu ya ce ya gano. Kafin la'asar takalman masu gaisuwa suna iyo a tsakar gida, shi kuwa yana tsaye a kan bokiti, ya toshe bututu da babban yatsa, yana ba ruwa umarni ya dakata. Tsohon ya dube shi, ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa, ya cusa tawul a baki. Mutane suka ji gado yana girgiza, suka ce a bar shi ya yi kukansa."

Baba ya ce, "Ba kuka ba ne."

Zauren ya fashe da dariya. Bakanike ya zame daga kujera. Shugabar ɗakin karatu ta dafa tebur tana share hawaye da bangon da ta yaga.

Na-Gano ya tsaya da lasifika a hannu, bakinsa a buɗe. "Wato mutumin babi na uku..."

Tela ya ce, "Wanda ka ce a ɗaure. Kuma daga nan har ƙarshe kai ne. Tsohon ma ɗan rakiya ne."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta hau dandamali da bulon a hannu. "Yaya, tun da Mama ta rasu ba wanda yake sa Baba dariya sai kai. In ka zo ka tafi, ranar yana cin abinci har ya nemi ƙari. Shi ya sa na rubuta littafin, shi ya sa na ce kai za ka yi jawabi. Na ce ka karanta duka. Yanzu dubi aikina na shekara biyu."

Karo na farko a tarihin layin, Na-Gano ya bar mutum ya kai ƙarshen magana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Auta."

Mai aski ne ya kawo mafita. Ya hango butar shayin da aka tanadar wa baƙi tana tafasa a gefe, ya ɗauko, ya kara bulo ɗaya a bakin tururi, ya sa wuƙar aski a hankali. Littafi guda ya rabu. Aka yi tafi. Nan take aka ja layi, kowa yana son nasa, aka sa Na-Gano riƙon buta har yatsunsa suka yi ja. Littattafan sun buɗu, amma shafin farko na yawancinsu ya tafi da gam. Duk wanda ya karɓi nasa sai ya wuce ƙarshen zaure wurin Baba, shi kuma ya karanto masa layi ukun da ka, yana jan kowace kalma, yana duban matar mai kanti in ya zo na ƙarshe. Kafin a tashi ba kwafi ko ɗaya a kan tebur. Na mai guntun wando ma mutum biyu suka yi jayayya a kansa.

A ƙofar fita Na-Gano ya rusuna gaban surukinsa. "Baba, kawo tabarau ɗin in mayar maka da gilasan karatu."

Baba ya dafe shi da hannu biyu. "Ba ka isa ba. Yanzu na san abin da ake yi a layina."

"To yaya za ka yi karatu?"

"Kai za ka riƙa yi mini. Kullum in ka rufe shago. Daga farko za mu fara."

Haka kuwa aka yi. Kowace yamma Na-Gano yana zaune a kan ɗan benci a ƙofar gidan, Baba yana kan kujerarsa ta katako, idonsa a tsallaken titi, kunnensa a littafi. Babi na ɗaya da na biyu suka wuce lafiya. Ranar da aka zo na uku, Na-Gano ya lashi yatsa ya haɗa shafi biyu ya juya, ya ci gaba da karatu kamar ba abin da ya faru.

Baba ya ce, "Ka tsallake wurin bokiti."

"Baba, ai ka san wurin."

"Koma baya."

Ya koma baya, ya fara karantawa ƙasa-ƙasa cikin maƙoshi. Baba ya ɗaga sanda ya nuna katanga, inda kawunan bakanike da mai kanti da matar mai kantin suke jere, kowa ya tallabi haɓa.

"Ɗaga murya. Na can ƙarshe ba ya ji."